Iskar da na hura ba ta canza ba, amma takarda ɗaya ta ce lafiya lau, ɗaya ta ce huhuna ya ragu

Abu_Hanif:
Assalamu alaikum jama'a. Ina da abin da ya ɗaure min kai, ina roƙon masu sani su warware min. Wurin aikinmu akwai ƙura, shi ya sa duk shekara ake tura mu gwajin huhu, wannan da ake maƙale maka hanci, a sa maka bututu a baki, ka ja numfashi ka cika ƙirji sannan ka hura da iya ƙarfinka har jijiyar wuyanka ta tashi. Bara an yi min a wani asibiti, takarda ta fito da kashi 84 cikin 100, aka ce lafiya lau. Bana aka kai mu wani wurin daban, takarda ta fito da kashi 71, har an ja jan layi a ƙarƙashinsa. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba. Da na ɗauko ta bara na jera su a kan tebur, sai na ga iskar da na hura kusan ɗaya ce: bara lita 3.52, bana lita 3.48. To ina kashi 13 suka tafi? Na ƙura ido sosai, sai na lura a saman takardar bara, kusa da shekaruna da tsayina, an rubuta baƙar fata ne ni. A ta bana kuwa an bar ni a matsayin Bature. Shekarata 44, tsayina santimita 175, ban taɓa shan taba ba. Ashe huhu ma yana da ƙabila? Kuma wacce takarda zan yarda da ita?

Gimbiya_Zee:
Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara lafiya Malam. Wallahi yau na fara jin ana tambayar launin fatar mutum kafin a auna numfashinsa. Bari mu jira masana.

NasHauwa:
Malam Abu Hanif, ka kwantar da hankalinka tukuna. Shekara tara ina yi wa mutane wannan gwajin, kuma abin da ya same ka na sha ganinsa. Na'urar, wato sifirometa, lita kawai take aunawa. Ba ta san kai wane ne ba. Kason da ka gani lissafi ne da kwamfutar cikinta take yi: tana ɗaukar shekarunka, tsayinka, ko namiji ne ko mace, sannan a na'urori da yawa har da rukunin asalin da aka zaɓa maka, sai ta fitar da adadin da ake sa ran mutum mai lafiya irinka zai hura. Da wannan adadin ake raba naka. Duba takardunka da kyau, a gefen 3.52 za ka ga wata lamba, a gefen 3.48 ma haka. Faɗa mana su.

Abu_Hanif:
Na gani Hajiya. Ta bara 4.17, ta bana 4.90.

NasHauwa:
To ka ga inda kashi 13 ɗinka suka tafi. Huhunka yana nan yadda yake, mudun da aka auna ka da shi ne aka canza. Na'urori da yawa suna zuwa daga kamfani a saite a kan ma'aunin Turawa, in mai gwajin yana sauri ga layi ya taru, sai ya manta bai taɓa wurin ba. Tazarar 3.52 da 3.48 kuwa mililita 40 ce kacal. A zama ɗaya ma, muna karɓar hurawa biyu mafi kyau in bambancinsu bai wuce mililita 150 ba.

Baban_Yara:
Shi ke nan ai magana ta ƙare. Takardar bara ce daidai tunda shi baƙar fata ne. A gyara masa ta bana ya koma bakin aikinsa.

Likitan_Ƙirji:
Baban Yara, da a shekaru goma da suka wuce ka faɗi haka, da yawancin likitoci sun ce ka yi daidai. Yau kuwa a nan gizo ke saƙar. Bari in fara da lambobin. Wadda Malam Abu Hanif ya kawo ita ce FVC, jimillar iskar da mutum ya iya fitarwa bayan ya cika ƙirjinsa taf. Akwai FEV1, iskar da ta fita a sakan na farko. Sai a raba ta biyun da ta farkon a ga ko hanyoyin iska sun tsuke, kamar yadda ake gani a asma da cutar toshewar huhu ta masu shan taba. Abin lura shi ne wannan rabon kusan ɗaya yake a duk al'ummomin duniya. Inda ake samun bambanci shi ne girman lita.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa shi ne na GLI, wata haɗakar masana gwajin huhu ta duniya, na shekarar 2012, wanda aka haɗa daga bayanan mutane sama da 74,000 masu lafiya da ba sa shan taba, daga ɗan shekara 3 zuwa 95. An kasa su huɗu: Turawa, baƙaƙen fatar Amurka, mutanen arewa maso gabashin Asiya, da na kudu maso gabashinta, sai aka ƙara rukuni na biyar na wanda bai faɗa ko ɗaya ba. A wannan tsarin, abin da ake sa ran baƙar fata zai hura ya gaza na Bature mai tsayinsa da shekarunsa da kimanin kashi 10 zuwa 15. Amma a 2023 ƙungiyar likitocin ƙirji ta Amurka, ATS, ta fito ta ce a daina sa launin fata a lissafin, a koma ma'auni guda na bai ɗaya da ake kira GLI Global. Dalilinsu shi ne in ka saukar da mudun wata al'umma, to mai ciwo a cikinta zai iya wucewa a ce masa lafiyarsa lau. Malam Abu Hanif, in aka sa lambarka a sabon ma'aunin, za ta faɗo tsakanin biyun nan, wajejen kashi 78.

Abu_Hanif:
Likita ranka ya daɗe, yanzu lamba uku ke nan nake da ita, 84, 71, 78. Ni lafiyata ƙalau ko a'a?

Likitan_Ƙirji:
Ba zan iya yanke maka hukunci daga nan ba, kuma kada ka yarda kowa ya yi. Amma ga abin da zan tambaye ka da kana gabana. Kana haki in ka hau bene? Kana tari? Shekara nawa ka yi a cikin ƙurar? Me hoton ƙirjinka ya nuna? Abu mafi daraja da kake da shi a hannu shi ne takardun nan biyu, domin sun nuna litarka ba ta faɗi ba a shekara guda. Kai ne ma'aunin kanka mafi inganci. Ka adana su, ka riƙa jera lita da lita duk shekara, ka rabu da kason.

Malam_Tarihi:
Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Likita, domin wannan gyaran na kashi 10 zuwa 15 ba daga sama ya faɗo ba, kuma asalinsa ba shi da daɗin ji. Wanda ya fito da sifirometa a fagen likitanci shi ne John Hutchinson a Landan, a 1846. Ya auna mutane sama da 2,000, ya gano tsayi shi ne babban abin da ke nuna yawan iskar da ƙirji zai ɗauka. Bai daɗe ba sai na'urar ta tsallaka Amurka a zamanin bauta. Wani likita a kudancin ƙasar, Samuel Cartwright, ya yi iƙirarin cewa huhun baƙar fata ya gaza na Bature da kashi 20, ya kuma kafa hujja da hakan cewa aikin tilas alheri ne ga bawa don yana motsa masa jini. Tun kafin shi ma Thomas Jefferson, wanda daga baya ya zama shugaban Amurka na uku, ya rubuta cewa akwai bambanci a halittar huhun baƙi da farare. A 1869 Benjamin Gould ya wallafa awon sojojin yaƙin basasar Amurka, ya ce na baƙaƙen sojoji ya fi ƙasa. Mutanen da da yawansu suka tashi cikin bauta da yunwa da cuta, aka auna su aka ce haka Allah ya halicce su. Daga nan abin ya bi littattafai har ya shiga doka: a 1978 dokar Amurka ta kare ma'aikatan masaƙu daga ƙurar auduga ta ce a ninka adadin da ake sa ran baƙar fata zai hura da 0.85. Ƙarshe ya shige cikin kwamfutar na'ura ya zauna, mai danna maɓalli bai ma san tarihinsa ba.

Mai_Lissafi:
Malam, tarihin nan gaskiya ne kuma abin takaici ne, amma kada ya rufe mana ido. Mugun mutum zai iya faɗar lamba da muguwar niyya, lambar kuma ta zama tana nan in aka sake aunawa. An sake aunawa sau ba adadi da na'urorin zamani. Babban binciken PURE da aka wallafa a 2013 ya auna mutane a ƙasashe 17. Bayan an daidaita tsayi da shekaru da jinsi, mutanen kudancin Asiya sun gaza na Turai da Arewacin Amurka da kusan kashi 30, na Afirka kudu da Sahara da kusan kashi 20, na gabashin Asiya da kusan 13, na Kudancin Amurka da kusan 6. Ka ga ba baƙar fata ne ma a ƙasa ba. Sannan akwai ginin jiki. Mutum biyu za su yi tsayi ɗaya, ɗaya dogayen ƙafafu da gajeriyar gangar jiki, ɗaya akasin haka. Huhu a ƙirji yake, ba a ƙafa ba. A matsakaici, mutanen da asalinsu Afirka ne sun fi dogayen ƙafafu in aka kwatanta da gangar jiki. In ka ƙi kula da wannan, za ka ɗauki miliyoyin masu lafiya ka manna musu cuta.

Malam_Tarihi:
Ban ce babu bambanci a lambobi ba. Cewa na yi an yi gaggawar kiran bambancin halitta tun kafin a binciki dalilinsa.

Ɗalibar_Likita:
Yaya Mai Lissafi, maganar gangar jiki an gwada ta ai. Ana zaunar da mutum a auna daga mazauni zuwa tsakar ka, a sa wannan a lissafi maimakon tsayin tsaye. Tazarar tana raguwa, amma ba ta ɓacewa, wani ɓangare kawai yake bayyanawa. Sauran fa? Kuma binciken PURE da ka kawo, ni a ganina ya fi goyon bayan Malam Tarihi. Dubi jerin yankunan: inda talauci da hayaƙi da cututtukan yara suka fi yawa, nan litar ta fi ƙasa. An yi wani bincike a kan yara 'yan asalin Indiya, aka ga waɗanda suke Birtaniya da na masu hali a birnin Bangalore huhunsu kusan ɗaya, amma na karkarar Indiya ya fi ƙasa. Tsatso ɗaya, rayuwa daban.

Mai_Lissafi:
Na yarda muhalli yana da kaso babba. Amma ki tuna a 2010 an wallafa binciken da ya duba ƙwayoyin gado na baƙaƙen fatar Amurka, aka ga gwargwadon yawan tsatson Afirka a jikin mutum, gwargwadon raguwar litarsa.

Ɗalibar_Likita:
Na san shi. Matsalar ita ce a Amurka wanda ya fi yawan tsatson Afirka sau da yawa shi ne ya fi duhun fata, shi ne kuma aka fi tura iyayensa da kakanninsa unguwannin da ke gefen masana'antu da manyan tituna. Gado da wariya sun cakuɗe, raba su a lissafi ba ƙaramin aiki ba ne.

UmmuKhalil:
Ni ba masaniya ba ce, uwa ce. Ɗana an haife shi wata bakwai, bai kai kilo biyu ba, kafin ya shekara biyu sau biyu ana kwantar da shi saboda nimoniya. Har yanzu ina tuna yadda haƙarƙarinsa ke lotsawa ciki duk numfashi, ina zaune ina ƙirga masa. Yanzu shekararsa tara, aka yi masa gwajin nan, ya hura yana kallon hoton kyandira a allon kwamfuta wai ya kashe su. Aka ce yana cikin iyakar lafiya amma a can ƙasa-ƙasa. Da na karanta abin da kuke rubutawa sai na ɗauko takardarsa, shi ma ma'aunin baƙar fata aka sa masa. To yanzu ina tambayar kaina, da da ɗayan mudun aka auna shi, da an ce akwai matsala? Da an fi sa masa ido? Mahaifinsa kuma Balarabe ne, ni baƙa. Wa ya yanke cewa nawa rukunin zai bi?

Likitan_Ƙirji:
Maman Khalil, tambayarki ta ƙarshe na daga cikin dalilan da suka sa aka sauya tsarin. Babu gwajin jini da ke cika wannan gurbin. Wani lokaci a tambayi mutum, wani lokaci mai gwajin ya dube shi kawai ya zaɓa. Ɗan da iyayensa suka fito daga al'umma biyu ba shi da gurbi na gaskiya. Game da yaronki, haihuwar bakwaini da ƙarancin nauyi da nimoniya a ƙuruciya duk sanannun abubuwa ne da ke rage girman da huhu zai kai. Huhu yana ci gaba da girma har zuwa shekara 20 zuwa 25, daga nan ya fara raguwa a hankali. Ki nemi likitansa ya duba lambobin da sabon ma'aunin, a kuma maimaita gwajin lokaci-lokaci a ga yana bin layin girmansa. Ki nisanta shi da hayaƙin taba da na girki, a cika masa rigakafinsa. Akwai sauran shekaru masu yawa na girma a gabansa.

UmmuKhalil:
Na gode Likita, Allah ya saka da alheri. Zan yi hakan.

Kawu_Sale:
Ku bar ni in yi magana a matsayin wanda ya ci ƙura shekara 26. Ku masu karatu kuna kallon lamba, mu muna kallon abin da lambar ke jawowa. Wani abokin aikina, tare muka fara, ya kai in ya ɗaure igiyar takalmi sai ya zauna ya huta. Aka auna shi aka ce bai kai matakin diyya ba, saura kaɗan. A lokacin ba mu san akwai wani gurbi da ake rage wa mutum mudu ba. Ya rasu bai karɓi komai ba. Da na ji wannan bayani yau sai da zuciyata ta yi nauyi. Amma kuma ɗana Abu Hanif, ka sani takobin nan kaifi biyu gare shi. Mudun da zai ba mara lafiya diyya, shi ne zai sa a ce wa mai neman aiki huhunka bai kai ba, koma gida. Na ga wanda aka hana aiki a kan takarda alhali yana iya ɗaukar buhu ya hau bene da shi.

Malam_Tarihi:
Allah ya jiƙansa da rahama, Kawu. Irin wannan ta taɓa zuwa gaban kotu a Baltimore a 1999, inda wani kamfani ya nemi a yi amfani da ma'aunin baƙar fata don rage yawan ma'aikatan da za su samu diyyar cutar asbestos, wani ma'adinin gini da ƙurarsa ke lalata huhu. Alƙalin bai amince ba.

Ɗalibar_Likita:
Kawu ya faɗi gaskiya a kan kaifi biyu, har an ƙiyasta shi. Wani bincike da ya fito a 2024 ya lissafa abin da zai faru a Amurka in aka koma ma'aunin bai ɗaya: matsayin numfashin mutum kusan miliyan 12.5 zai canza. Kuɗin naƙasa da ake biyan tsofaffin sojoji baƙaƙe zai ƙaru da sama da dala biliyan 1 a shekara, na farare ya ragu da kusan rabin biliyan. A ɗaya gefen kuma baƙaƙe da yawa za su rasa cancantar ayyuka irin na kashe gobara. Akwai ma fargabar a ce wa mai kansar huhu ba zai jure tiyata ba saboda kasonsa ya sauka a takarda.

Baban_Yara:
To ashe gaba kura baya sayaki. Na janye maganata ta farko, amma har yanzu ban ga wanda ya ba Abu Hanif amsa ba.

Sadauki_99:
Ba huhu kaɗai ba ne fa. Lissafin aikin ƙoda ma da akwai gurbin baƙar fata a ciki, sai a 2021 aka cire shi a Amurka, bayan an ga yana jinkirta sa mutane a layin dashen ƙoda. Ga kuma ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin, a 2020 aka nuna yana yawan nuna lamba sama da gaskiya a masu duhun fata.

NasHauwa:
Haka ne, amma na yatsa daban yake. Shi na'urar ce da kanta take kuskure saboda yadda haske ke ratsa fata. Sifirometa ba ta kuskuren lita, fassarar ce ake jayayya a kai. Kuma tunda na dawo, bari in faɗi abin da ke damuna. Muna ta muhawarar kashi 10 zuwa 15, alhali kurakuran ɗakin gwaji kaɗai suna iya kai haka. Na sha ganin an tambayi mutum tsayinsa da baki an rubuta, ba a auna ba. Wani a auna shi da takalmi. Wani bai cika ƙirji ba ya fara hurawa, wani ya tsaya a tsakiya don tari ya sarƙe shi, wani iska na zurarewa ta gefen baki. Dole a yi aƙalla hurawa uku masu kyau, kuma a riƙa gwada na'urar da sirinji mai lita 3 don a tabbatar ba ta kauce ba. Tsoho mai rankwafaffen baya ma ba tsayinsa ake ɗauka ba, hannuwansa ake buɗewa a auna daga yatsa zuwa yatsa. In ba a yi waɗannan ba, ko wane ma'auni ka zaɓa aikin banza ne.

Abu_Hanif:
Hajiya kin tuna min. Bana da takalmin aiki aka auna tsayina, amma 175 ɗin da na faɗa da baki ita aka rubuta.

Hamza_Injiniya:
Tambaya daga gefe. Ma'aunin da aka sa wa Abu Hanif bara, an ce na baƙar fata. Baƙar fatar ina?

Ɗalibar_Likita:
Yawwa, wannan ita ce tambayar da nake jira. Na Amurka. A cikin mutum 74,000 ɗin da Likita ya ambata, sama da 57,000 rukunin Turawa ne, baƙaƙen fata kimanin 3,500 ne kuma duk 'yan Amurka. Babu rukunin Afirka kudu da Sahara, babu na Indiya da maƙwabtanta, alhali yankuna ne masu ɗimbin jama'a. Ga shi kuma Afirka ita ce nahiyar da mutanenta suka fi bambanta da juna a ƙwayoyin gado. Da aka zo gwadawa sai sakamako ya rarrabu. A kan yaran makaranta a Angola da Kwango da Madagaska, ma'aunin baƙaƙen Amurka ya dace ba laifi. A Afirka ta Kudu kuwa aka ga rukuni na biyar ɗin nan, na waɗanda ba su faɗa ko'ina ba, shi ya fi dacewa da baƙaƙen ƙasar. Mutanen Tunisiya da Aljeriya an sa su cikin Turawa. Ƙasar Sin ma raba ta biyu aka yi, arewa da kudu, aka bi layin kogin Huai da duwatsun Qinling. Sabon ma'aunin na bai ɗaya kuma daga waɗannan bayanan dai aka sake haɗa shi, ba a ƙaro mutanen da aka bari a baya ba.

Mai_Lissafi:
To kin dawo kan maganata ke nan. Maganin shi ne kowane yanki ya auna mutanensa masu lafiya ya fitar da nasa ma'aunin. Mutanen da suka tashi a kan tsaunukan Tibet da Andes ƙirjinsu ya fi faɗi, litarsu ta fi yawa. Za ki auna su da mudun mazauna bakin teku?

Likitan_Ƙirji:
Misalin tsaunuka mai kyau ne, kuma yana nuna wurin da mutum ya girma yana gina ƙirjinsa. Amma Mai Lissafi, ga inda nake tsoron ma'aunin yanki. Fiye da mutum biliyan 2 a duniya suna girki da itace ko gawayi ko makamantansu. Ka je yankin da kusan kowa ya shaƙi wannan hayaƙin tun yana goye, ya sha fama da rashin abinci mai gina jiki, wasu sun yi tarin tibi sun warke. Ka tara waɗanda ba sa tari ka ce su ne masu lafiya, ka fitar da matsakaicinsu. Abin da ka samu shi ne abin da aka saba gani a wurin, ba lallai ne ya zama lafiya ba. Ka mayar da illar talauci ta zama daidai, ba wanda zai ƙara tambayar dalili. Akwai binciken da ya bi mutane shekaru a Amurka ya ga cewa yawan litar da mutum ke hurawa yana da alaƙa da tsawon rai iri ɗaya ga baƙi da farare, wato ƙarancin litar baƙar fata ba kyauta yake zuwa ba. A kudancin Kalifoniya kuma, da iskar gari ta gyaru cikin shekaru, sai aka ga huhun yaran da suka taso daga baya ya fi girma. Abin da ke iya gyaruwa cikin 'yan shekaru bai kamata a rubuta shi a matsayin halitta ba.

Mai_Lissafi:
Na ji wannan, kuma tana da nauyi. Amma likitan da ke zaune a kudancin Asiya, in ya ɗauki ma'aunin bai ɗaya, kaso mai yawa na masu shigowa wurinsa za su fito a ƙasa da iyaka. Ba shi da maganin da zai ƙara musu girman huhu, sai tsoro da kashe kuɗin ƙarin gwaji. Me zai ce musu?

Likitan_Ƙirji:
Tambaya ce ta gaske, kuma har yanzu masana na kai ruwa rana a kanta. Abin da nake yi ni dai: na fi dogara da rabon FEV1 da FVC don gano toshewa, tunda shi bai cika damuwa da asali ba. Na daina amfani da tsohuwar ƙa'idar nan ta cewa duk abin da ya gaza kashi 80 cuta ne, ina duba iyakar ƙasa da aka lissafa wa shekarun mutum da tsayinsa, wadda ita ma an gina ta ne a kan cewa mutum 5 cikin 100 masu lafiya za su faɗo ƙarƙashinta. Wanda ya faɗo kusa da iyaka, labarinsa da alamominsa ne za su raba gardama. In FVC ta yi ƙasa, ba na cewa huhu ya ƙanƙance sai an shigar da mutum wani akwatin gilashi na gwaji an auna dukkan iskar ƙirjinsa, har da wadda ba ta fita.

Gimbiya_Zee:
Ni dai abin da na ɗauka shi ne in an ba ni irin wannan takarda in tambayi wane ma'auni aka sa min. Da ban san ana tambaya ba.

Kawu_Sale:
Ki tambaya 'yata, kuma ki karɓi kwafinki ki ajiye. Mu da yawa takardunmu suna hannun ma'aikata, ba mu taɓa ganinsu ba.

Abu_Hanif:
Jama'a na dawo. Na koma wurin da aka yi min na bana da takardun biyu. Mai gwajin ta duba ta ce lallai ba a canza saitin ba, ta sake auna tsayina ba takalmi, ashe 174 ne. Ta ce na'urarsu ba a sa mata sabon ma'aunin ba tukuna, don haka ta buga min sakamakon da tsofaffin biyun duka. Likitan ya duba rabon ya ce hanyoyin iska ba su tsuke ba, amma da na gaya masa shekara 12 nake cikin ƙura kuma kwanan nan ina ɗan haki a bene na uku, sai ya ce ba zai sallame ni a kan kashi 84 ba. Ya rubuta min hoton ƙirji da gwajin akwatin gilashin da Likita ya ambata. Ranar Talata zan je.

Baban_Yara:
Allah ya sa a ji alheri. Ka dawo ka faɗa mana.

Hamza_Injiniya:
Amin. Amma ni tambayata tana nan ga Mai Lissafi da Likita. In za a sake tara bayanai daga Afirka da kudancin Asiya, su wa za a zaɓa a matsayin masu lafiya, duk wanda ba ya tari, ko sai wanda ya tashi ba hayaƙi ba yunwa?

Mai_Lissafi:
In ka ce sai na biyun, a wasu yankunan da ƙyar za ka tara adadin da zai isa lissafi. Likita, kai wanne za ka ɗauka?